Yatsan Baba Layi da Sabuwar Kwamfuta

Tun ranar da aka shigo da kwalayen nan ofishinmu gabana yake faɗuwa, kuma wallahi ba kaina nake ji wa ba. Ni me zai same ni? Shekara tara ina buga sunayen ɗalibai a ofishin jarrabawa na kwalejinmu, ko wace irin kwamfuta aka dire mini a gaba zan yi mitar kwana biyu in saba. Baba Layi nake ji wa, dattijon da teburinsa ke manne da nawa.

Mu uku ne a ɗakin. Ni da Dogo muna bugawa, Baba Layi yana dubawa. Malamai su aiko da rajista da rubutun hannunsu, wani rubutun sai ka rantse da ƙafa aka yi shi, mu shigar da suna da lamba da maki, sannan Baba ya bi abin da muka buga layi bayan layi kafin a fitar da satifiket. Daga nan ya samo sunan, har ɗalibai da shi suka san shi. Idan harafi ɗaya ya kauce a sunan mutum, ko maki ya zame zuwa layin maƙwabci, to ɗan mutane zai yi shekaru yana yawo da takardar da ba tasa ba. Shekara ashirin da bakwai Baba yana wannan aikin, ba a taɓa dawo da satifiket ɗin da ya bi ta hannunsa ba. Shi ba ya faɗa, mu ne muke yi masa alfaharin.

Da masinja ya fara a kwalejin, yana hawa bene yana sauka da takardu a hammata. In ma'aikata sun fita cin abincin rana sai ya lallaɓa gaban tafireta ya koya wa kansa, har ranar da shugaban wancan lokacin ya ritsa shi. Maimakon kora sai ya miƙa masa wasiƙa ya ce ya buga a gani. 'Ya'yansa huɗu, duk mata: biyu suna aikin jinya, ɗaya tana koyarwa, autar tana jami'a. Matarsa ɗinki take yi a gida, ita ke goge masa rigunan nan uku da yake juyawa, har kana tsoron karin guga ya yanke ka. Jan biro a aljihu, burodi a leda, shayi a flas, kullum haka. Bai taɓa ce mini na yi kuskure ba. Sai dai ya yi gyaran murya ya ce, "'Yata, zo ki gaisa da wani baƙo." In na leƙa sai in ga na ba wani maki ɗari da tara cikin ɗari. Ni kuwa da zafin kai, in ce ai laifin malamin ne da jagwalgwalonsa. Ya ce haka ne, amma dai a gyara.

Ga yadda yake aikinsa. Zai shimfiɗa rajista a hagu, ya ɗora rular ƙarfe ƙarƙashin suna, ya danne ta da hannun hagu. Sannan ya miƙa yatsan dama ya dafa gilashin kwamfutar, daidai ƙarƙashin wannan sunan. Ya dubi takarda, ya dubi gilashi, leɓensa na motsi. Ya sauke rula layi ɗaya, ya ja yatsa ƙasa layi ɗaya. Tsohuwar kwamfutarsa har hanya ta yi, wani zane mai maiƙo daga sama har ƙasa, wanda mai shara ta gaji da gogewa ta ƙyale.

Kowa ya ɗauka sabo ne. Ni ma haka na ɗauka, sai shekara biyu da suka wuce, ranar da na ga ya tsiyaya shayi a kan tebur, gefen kofin, yana ta tsiyayawa bai sani ba sai da ya jiƙa masa hannu. Dogo ya fita a lokacin. Na ce, "Baba, lafiya kuwa?" Ya daɗe yana goge teburin da hankici kafin ya yi magana. Ya ce idon dama ya daɗe da yin duhu a tsakiya, na hagu ne ke ɗauke da su duka biyun, shi ma ya fara gajiya. In ya ɗauke kai daga takarda zuwa gilashi, layin ɓace masa yake yi, sai yatsan ya nuna masa inda ya tsaya. Ya ce, "Yatsan nan shi ke riƙe mini kujera." A dokar kwalejin, mai dubawa in aka yi shakkar ganinsa ana tura shi gwaji, in ya faɗi a sauke shi. Ko matarsa ba ta sani ba. Ya sa na rantse, na rantse. Lokacin da kwalayen suka iso, wata goma sha huɗu suka rage masa ya yi ritaya da mutuncinsa.

Injiniya ne ya buɗe su, mai kula da na'urorin kwalejin, mutumin kirki amma in ya fara bayani sai dai ka nemi wurin zama. Kwamfutocin ba su da akwati a ƙasa, gilashi ne ƙato mai sheƙi a tsaye, da kibod siriri, da maus da ya ce an haɗo ne kawai don masu taurin kai. Ya kunna ɗaya. Maimakon 'yan fayilolinmu da muka saba gani a jere, sai ga wasu manyan murabba'ai masu launi sun cika fuskar, wannan ja, wannan kore, wani yana juyawa da kansa yana nuna yanayin zafin wani gari da ban taɓa zuwa ba.

Ya ce, "Yanzu ba sai kun wahala ba. Abin da kuke so, ku taɓa shi kawai."

Ya taɓa, abu ya buɗe. Ya shafa gefe, shafi ya wuce. Ya haɗa yatsu biyu ya ware, rubutu ya kumbura. Dogo har da tafi. Ni kuwa Baba nake kallo. Ya mayar da hannayensa biyu ƙarƙashin tebur, yana murmushi irin na wanda likita ke yi wa bayani.

Na ce, "Injiniya, to ina maɓallin da ake farawa da shi? Na kusurwar ƙasa?"

Ya ce an cire, ya tsufa. In ina neman abu in shafo daga gefen dama, in ina son rufewa in jawo daga sama zuwa ƙasa.

"To wa zai gaya mini akwai abu a gefen dama, tunda ba a ganinsa?"

"Ai ga shi na gaya miki."

"In ba ka nan fa? In ka tafi hutu sai mu zauna muna shafa gilashi muna addu'a?"

Ya yi dariya ya ce za mu saba.

Washegari da safe Baba ya shimfiɗa rajista, ya ɗora rula, ya miƙa yatsa kamar yadda ya yi shekara da shekaru. Yana dafa gilashin sai kibod na bogi ya faso daga ƙasa ya rufe rabin sunayen. Ya janye da sauri. Ya sake dafawa, ya ja ƙasa layi ɗaya, sai jerin gaba ɗaya ya zura da gudu, daga suna na uku ya tsinci kansa a na ɗari biyu da wani abu. Dogo ya kwashe da dariya har yana buga tebur, ya ce, "Baba, wannan ba ta son wasan hannu, amarya ce!" Baba ma ya yi dariya. Ni ce ban yi ba. Na ga gumi a goshinsa alhali fanka na kansa.

Daga ranar ofishinmu ya zama majalisa. Duk lokacin shayi maganar ɗaya ce. Ni ra'ayina ban ɓoye wa kowa ba: wayar hannu ce aka hura ta kumbura aka dire mana a tebur. Waya a tafin hannunka take, ka kwanta ka shafa, ka tashi ka shafa. Wannan kuwa tana can nesa a tsaye, sai ka ɗaga hannu sama kamar mai shanya, kafin azahar kafaɗarka ta riƙe. Da ina buɗe rajista uku a jere in ga kowacce, yanzu kowane abu sai ya cinye fuskar gaba ɗaya, kai ka ce shi kaɗai aka haifa. Ga maiƙon yatsu, da rana ta shigo ta taga ba ka ganin komai sai sawun hannunka. Wai su wa suka je suka ce wa masu ƙera ta muna son shafawa? Mu da muke buga suna dubu a mako, hannunmu a kan kibod yake kwana ya tashi.

Dogo kuwa ya tsaya kai da fata. Ya ce ni dai ba na son ci gaba. Ya ce mahaifiyarsa da ba ta taɓa riƙe maus ba, ya kawo ta ofis ta taɓa hoton jikokinta da kanta ya buɗe, har ta yi hawaye. Ya ce da sai ka koyi kwamfuta, yanzu ita ce ta koyi mutum. Na ce Allah ya ƙara wa Mama lafiya, amma Mama ba ta duba makin ɗalibai. Injiniya in ya leƙo ya tarar da mu, sai ya ce hikimar ita ce abu ɗaya a ko'ina, a waya, a allon hannu, a tebur, ka koya sau ɗaya ka huta. Na ce takalmi ɗaya kenan ga kowa a gida, mai ƙaramar ƙafa ya cusa tsumma.

Baba ba ya shiga. Sau ɗaya kawai Dogo ya matsa masa, ya ce, "Baba, kai me ka gani?" Ya ajiye kofinsa ya ce, "Kyakkyawa ce. Amma wanda ya ƙera ta bai taɓa zama ya duba suna ɗari biyar ba. Shi a wurinsa duk taɓawa umarni ce. Bai san akwai wanda ke taɓa abu don kawai ya riƙe wurinsa ba." Dogo ya ce wannan falsafa ce. Ni na sunkuyar da kai ina juya cokali.

Ba irin dabarar da bai gwada ba, kuma kowacce ina kallo. Ya fara da tsayar da yatsan a iska, kusa da gilashi amma bai taɓa ba. Mutum mai shekara kusan sittin, hannu a sama tun safe. Kafin sha ɗaya hannun ya fara rawa, ya dunguri gilashin, komai ya watse. Ya koma amfani da gindin fensir, mai robar gogewa, wannan ya yi aiki kwana biyu, muka ɗan numfasa. Rana ta uku Manaja, shugaban sashenmu, ya shigo ya gani, ya ce haba Baba, gilashin nan ba ya son ƙarzawa, washegari aka manna sanarwa a bango cewa ban da yatsa kada a taɓa shi da komai. Na ce to mu riƙa fitar masa da jerin a takarda ya duba. Ashe an sa wa firinta lamba, ba ta fitar da komai sai da izini, don rage takarda na cikin dalilan sayen kwamfutocin. Ya naɗa filasta a yatsa ya ce wuƙa ce ta yanke shi. Gilashin wani lokaci ya ji, wani lokaci bai ji ba, wanda ya fi muni, don ba ka san lokacin da zai yi tsalle ba. Mako uku da filasta, har Dogo ya fara cewa wannan yanka a kai shi asibiti mana.

Da yana duba suna ɗari huɗu a rana, ya dawo ɗari da hamsin. Rajistoci suka taru a gefensa har suka kai tsayin flas ɗinsa. Ya daina fita cin abinci, burodin ma a leda yake komawa gida. Ranar raba satifiket tana matsowa, saura wata ɗaya. Manaja ya fara leƙowa sau biyu a rana. Ba mugu ba ne, ni ce shaida, amma shi ma akwai na sama da shi. Zai tsaya bayan kujerar Baba ya ce, "Ina fatan dai lafiya?" Baba ya ce lafiya lau, sabo ne bai zo ba tukuna. Duk tsayuwar da zai yi ina jin kamar in tashi in rufe Baba da mayafina. In ya fita sai in ga ban buga ko harafi ɗaya ba tun shigowarsa.

Wata Laraba matarsa ta biyo ta ofis, ta dawo daga sayen zare. Ta ja ni gefe a baranda ta ce, "'Yata, ke kike zaune kusa da shi. Me ke damun babanku? Ba ya ci, kafaɗa kullum sai na gasa masa da ruwan zafi, in na tambaya ya ce sabuwar kwamfuta ce. Kwamfuta tana dukan mutum ne?" Na ce, "Mama, duk haka muke fama, ni ma tawa kafaɗar ga ta nan." Ta dube ni ta dube ni, ta ce Allah ya kyauta. Ƙarya ga tsohuwa, a tsaye, ido cikin ido. Na koma ciki raina a jagule, na huce a kan Dogo don ya bar murfin biro a teburina.

Abin da ya karya ni ya faru ranar Litinin ta gaba. Na buɗe wani jeri da Baba ya riga ya duba ya sa hannu, don in ƙara sunan wata ɗaliba da aka manta. Idona ya faɗa kan wani suna da na tuna, don ni na buga shi, yaron ya ci saba'in da takwas. Yanzu talatin da ɗaya ne a gabansa. Na duba layin ƙasa, saba'in da takwas ɗin na can gaban wani. Yatsan Baba ya ja maki ɗaya ya sauke shi ƙasa, kwamfutar ta musanya su, ba ta yi ko tari ba. Da ban buɗe ba, da an kayar da wanda ya ci an tsallakar da wanda ya faɗi. Na waiga, Baba na can ya tsayar da hannu a iska yana motsa leɓe. Na gyara a hankali na rufe, ban ce masa komai ba.

Ana tashi cin abinci na sauka ƙasa ɗakin Injiniya, wani kurkuku mai cike da wayoyi da matattun firintoci. Na ce, "Wai taɓawar nan ba a kashe ta ne? A bar mutum da kibod da maus?"

Ya ce, "Ana kashewa mana. Aikin minti ɗaya ne."

Minti ɗaya! Mako shida muna cin wuya. Na ji kamar in shaƙe shi in shaƙe kaina. Na ce to ya zo yanzu ya kashe ta Baba.

Ya ce ba haka ake yi ba. Don taɓawar aka sayo su, duk wanda za a kashe wa sai an cike fom an rubuta dalili. Na ce dalili shi ne ba ya so. Ya ce wannan ba dalili ba ne, rabin kwalejin ba sa so, in ya buɗe wannan ƙofar gobe layi za a yi masa. Ya ce Baba ya ƙara haƙuri, tsofaffi sun fi jinkirin sabawa, amma akwai wani a sashen ajiya da ya girme shi kuma yanzu shafawa yake kamar yaro.

Nan fa kaina ya ɗau zafi. Na ce, "Na sashen ajiya yana gani! Wannan bawan Allah ido ɗaya gare shi, shi ma rabi, da yatsa yake bin layi, ku kun kawo abin da in an taɓa shi yake haukacewa, sannan kana ce mini haƙuri?"

Sai da maganar ta fita na ji ta. Na toshe bakina da hannu. Injiniya ya cire tabarau ya mayar. Na ce don girman Allah kada ya gaya wa kowa, rantsuwa na yi. Ya ce, "Haba, ni yaro ne? Ki kwantar da hankalinki." Da yamma bayan Baba ya tafi ya hau sama, ya danna nan ya danna can, ko minti ɗayan bai cika ba.

Washegari na riga kowa zuwa. Baba ya shigo, ya rataye hularsa, ya shimfiɗa rajista, ya ɗaga hannu a iska. Na ce, "Baba, dafa." Ya dube ni. Na ce, "Dafa dai." Ya dafa da ɗar-ɗar. Ba abin da ya motsa. Ya ja yatsan ƙasa, sunayen suna nan daram. Ya sake ja. Ya ce, "Ta lalace ne?" Na ce Injiniya ne ya ce wannan ɗin tana da matsala ya kashe mata taɓawar. Ya ɓare filastar ya jefa a kwando, ya gyara zama. Ranar suna ɗari huɗu da talatin ya duba. Ya cinye burodinsa, har ya tsokani Dogo, ya ce amaryarsa ta yi hankali. Kwana uku muka yi haka, tarin rajistocin ya sauka ƙasa, ni ma na fara jin ɗanɗanon abinci.

Rana ta huɗu masinja ya kawo ambulan daga ofishin Manaja. Baba ya buɗe, ya kai takardar kusa da idon hagu, ya daɗe. Sannan ya miƙo mini. An rubuta cikin ladabi cewa bisa bayanin da ke cikin fom ɗin sashen na'urori, ana buƙatar ya je gwajin ido ranar Alhamis, kuma kwaleji na tare da shi. An manna kwafin fom ɗin a baya. A akwatin dalili, da kyakkyawan rubutunsa, Injiniya ya sa: matsalar gani ta ma'aikaci. Bai gaya wa kowa ba, gaskiya ne. Cike fom kawai ya yi, don shi ba ya iya barin akwati babu komai kuma ba ya iya rubuta ƙarya.

Baba ya jira Dogo ya fita. Ya ce, "'Yata, ke ce?"

Na ce, "Ni ce, Baba." Na fara bayani, maki saba'in da takwas, talatin da ɗaya, yadda na gyara, yadda bakina ya suɓuce. Ina magana ina kuka, abin da na tsana a duniya.

Ya ce, "Maki ya zame a hannuna, kika gyara ba ki faɗa mini ba?"

Wannan ya fi yi masa ciwo fiye da tona asirin, na gani a fuskarsa. Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ce, "To," ya juya ga rajistarsa.

Na roƙe shi ya je gwajin. Na ce wataƙila tabarau za a canja masa, wataƙila aiki ne ƙarami, 'ya'yansa biyu fa a asibiti suke. Na ce yanzu da aka kashe taɓawar ai ya ga aikinsa ya dawo, zan je gaban Manaja in rantse cewa laifin kwamfuta ne, kuma har gobe ina nan a kan cewa wanda ya ƙera ta bai yi tunanin irin su Baba ba ko na daƙiƙa ɗaya. Ya ce ba zai tsaya gaban allo yaro ya nuna masa harafi da sanda yana cewa wannan fa, wannan fa ba. Ya ce gara ya fita da ƙafarsa.

Ranar Laraba da rana ya buga takardar ajiye aiki da kansa, a kwamfutarsa. Ya bi ta da yatsa, ya sake bi, ina kallonsa ta gefen ido. Ya nemi izinin firinta ya fitar. Ya zaro jan bironsa zai sa hannu, sai ya tsaya. Ya turo takardar kan teburina.

"Duba mini."

Na ɗauka. Gajeriya ce, layi tara. Godiya ga kwaleji, shekarun da ya yi, ranar da yake so ya tafi. Layi na huɗu ya ce yana godiya ga abokan aikinsa bisa haƙurin da suka yi da shi. Layi na biyar ma haka ya ce, kalma da kalma.

Ya ce, "Akwai?"

Na so in ce babu. Wallahi bakina har ya buɗe. Amma ƙarya ta ishe ni haka, kuma shi ne ya koya mini aikin. Na ce, "Akwai, Baba. Layi na huɗu ya zo sau biyu."

Ya karɓa, ya kai kusa da ido, ya ɗora yatsa, ya bi a hankali har ya samu.

Ya ce, "Sau uku na duba ta."

Ya gyara, ya sake fitarwa, ya sa hannu, ya kai da kansa. Da ya dawo ya ɗauki flas da hula. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Na kwana ukun nan, duk na sa musu hannu. Kada ki bari a buga su tukuna." Ya ce bari ya je gida, akwai maganar da ya kamata ya yi da mamanmu, matarsa, tun shekara biyu.

Na jawo rajistocin kwana ukun nan, suna dubu ɗaya da ɗari biyu da wani abu, waɗanda aka duba a gilashin da ba ya motsi, waɗanda na yi niyyar rantsewa a kansu gaban Manaja. Na koma kujerar Baba, na buɗe ta farko, na ce wa Dogo ya matso ya riƙa karanto mini daga takarda ina bi. Shafin farko lafiya lau, na ce alhamdulillahi a fili. A shafi na biyu muka samu kuskure na farko.